Sakan Uku a Rikodar Baffa

Wata bakwai bayan rasuwar Baba, Baffa ya shigo mini sutudiyo da hantsi, ba waya ba aike. Ina tsaka da gyara tallar wani mai sayar da katifa na ɗago kai na gan shi a bakin ƙofa, ya cire takalmansa ya riƙe a hannu don ya ga kafet. Ya rame ƙwarai. Rigar jikinsa ta yi masa yawa a kafaɗa.

Na gaishe shi, don dai ƙanin ubana ne, amma gaisuwar iya leɓe ce. Na ja masa kujerar baƙi, wadda ƙafarta ɗaya ke rawa, alhali ga mai kyau nan kusa da ni. Ya zauna a kanta haka nan. Ya zaro hankici daga aljihu ya warware a kan tebur, sai ga 'yar baƙar rikodar nan da na aika masa bara.

"'Yar Yaya, aiki na kawo miki," in ji shi. "Ki haɗa mini muryata da tasa. Akwai kalma ɗaya da nake so in sake ji da kunnena."

"Sai yau, Baffa? Sau nawa na aika a karɓo mini ita?"

"Sai yau na iya."

Bari in faɗi yadda rikodar ta je hannunsa. Baba da Baffa uwa ɗaya uba ɗaya suke, su biyu kacal, amma shekara goma sha tara ba su zauna sun yi hira ba. Kakarmu, Inna, a gidan Baffa ta yi jinyarta ta ƙarshe. Kullum Baba ya tambaya sai Baffa ya ce da sauƙi, kada ka baro aikinka. Ran da Baffa ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya aika, Baba ya iso ya tarar an dawo daga maƙabarta. Ba su yi faɗa ba. Da ma sun yi, wallahi da ya fi. Suka koma gaisuwar ya gida ya iyali, lafiya lau, a kashe waya. A haka na girma.

Da ciwo ya kwantar da Baba, na ga ba tashi zai yi ba, sai na ƙirƙiro dabara. Na ce ina so in naɗi tarihin gidanmu daga bakin su biyun, saboda jikoki. Baffa yana wani gari, tafiyar awa shida, ya ce gwiwoyinsa ba sa son mota. Na ce ba komai, ta waya za a yi. Muryar waya ba ta da daɗin ji, don haka na bi yadda muke yi a wurin aiki: kowa ya sa iyafis, 'yar igiyar sauraron waya, a kunne su yi hirarsu, kowa da rikoda a gabansa tana ɗaukar muryarsa shi kaɗai, daga baya a haɗa a kwamfuta. Babbar rikodar sutudiyo na kai ɗakin Baba na jona a bango. Ƙaramar na ba direba ya kai wa Baffa, da sababbin batura, da takarda na rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada ya jona ta a wuta. Da aka zo farawa na ƙirga ɗaya, biyu, uku, suka tafa hannu tare don in sami alamar da zan daidaita su. Sai Baba ya ce in fita in ja musu ƙofa.

Awa biyu da minti goma suka yi. Ina falo ina jin dariyar Baba ta bango, irin wadda na manta yana da ita. Can na ji yana ƙwala mini kira. Na shiga na same shi da waya a hannu.

"Ta katse," in ji shi. "Kira mini shi, ba mu gama ba."

Na kira, a kashe. Ya ce in sake, na sake. Washegari a kashe, jibi a kashe. Kwana tara wayar Baffa tana kashe, a rana ta taran Baba ya rasu. Baffa ya zo jana'iza, ya tsaya can gefe, ya koma a ranar. Wannan shi ne mutumin da ke zaune a kan kujerata mai rawa, kuma ban ɓoye wa kaina ba, haushinsa nake ji har wuya.

Na kwashe abin da ke cikin rikodarsa na zuba a kwamfuta. Ina kunnawa na ji wani ƙugi a ƙarƙashin muryar, zuuu, ba tsayawa. Na yi tsaki.

"Baffa, ka jona ta a wuta ke nan."

"Na ji tsoron kada batirin ya ƙare."

Na Baba ma akwai ƙugin, don wayoyin wutar tsohon gidanmu sun girme ni. Na share shi daga duka biyun, aikin da hannuna ke yi ko ina barci. Na jera muryoyin a allo, ta Baba a sama ta Baffa a ƙasa, na ɗora tafi a kan tafi. Na miƙa masa abin ji ya sa a kai, ni ma na sa nawa.

"Kai ni ƙarshe," in ji shi.

Na kai shi minti na ƙarshe. Muryarsa ta fito tana ɗan rawa: "Yaya, ka gaji ne? Mu bari sai gobe?" Shiru. Sai ya ce, "Yaya, ka yafe mini?" Aka ɗan yi shiru kaɗan, sai muryar Baba, tar da ita, ba tari ba inda-inda: "A'a."

Baffa ya cire abin jin tun kafin in tsayar. Ya ajiye shi a kan tebur a hankali, kamar ƙwai.

"Haka na ji ran nan," in ji shi. "Na ce ko kunnena ne. Yana faɗa wayar ta mutu, na ce ya kashe a fuskata ke nan. Sai na kashe tawa gaba ɗaya, don kada wani ya kira ni ya maimaita mini."

Ban taɓa sanin ya yi wannan tambayar ba. Ga magana nan a bakina: Baffa, ai ba shi ya kashe ba, cewa ya yi in kira ka. Ban faɗa ba. Na haɗiye ta. Wani ɓangare na zuciyata cewa yake yi Allah ya ƙara, ka ɗanɗana abin da ka shayar da shi. Abin kunya ne, amma haka ya faru. Ya saka takalmansa a bakin ƙofa, ya ce yana gidanmu wurin Umma, jibi da rana zai hau mota. Har godiya ya yi mini.

Da ya fita na zauna ina kallon allon. A cikin awa biyun nan Baba ya ce "eh" ya fi sau ɗari. In yanko guda in ɗora a wurin "a'a" ɗin, aikin minti biyu ne, kuma ba kunnen da zai gane. Na yi wa mawaƙa abin da ya fi wannan. Zan so in ce tsoron Allah ne kaɗai ya hana ni, amma har da rowa. Ban ga ya cancanci "eh" ɗin ba.

Washegari na riga kowa zuwa. Tun rasuwar ban iya sauraron muryar Baba ba, amma yanzu da ta Baffa ta dawo kusa da ita sai na ji ina so in ji hirar daga farko. Awa ta farko daɗi kamar me. Sun yi zancen shagon ɗinkin babansu, da malamin lissafin da ke barci a tsaye, da keken da suka ara suka karya suka ɗora wa akuya laifin. Baba yana nan yadda na san shi, ba ya barin mutum ya kai aya, kana tsakiyar magana ya shigo da tasa. Baffa kuma sai ya yi "to" ya ja numfashi kafin ya amsa ko da sunansa aka tambaya. Na yi dariya, na yi kuka, na share da gefen mayafi na ci gaba.

A awa ta biyu abin ya fara yi mini wani iri. Baba ya koma mai haƙuri. Baffa zai ba da labarin ban dariya, ya gama, a yi shiru, sannan Baba ya fashe da dariya kamar wanda aka fassara wa. Na ce ko gajiya ce. Sai kuma na ji Baffa ya ce, "Kore ne, Yaya, kore," ba gaira ba dalili, bayansa kuma Baba ya ce, "Wai keken nan wane launi ne ma?" Na tsayar. Na maido baya na sake ji. Baffa, mutumin da ke jan numfashi kafin ya faɗi sunansa, shi ne yake amsa tambaya tun ba a yi ta ba.

Ana haka Injiniya ya shigo da kofin shayinsa. Shi ne mai sutudiyon, a hannunsa na koyi aiki. Kunnensa na hagu ya mutu tun kafin in san shi, amma na daman yana jin abin da mu masu biyu ba ma ji. Na kunna masa wurin keken ban yi masa bayani ba. Ya karkata kai ya saurara, ya kurɓi shayi.

"Malama, wane ne liman?"

Na dafe goshi. Wannan ita ce tambayar da ya fara yi mini a makona na farko a wurinsa, ran da na jona na'ura biyu suka riƙa yin ƙas, ƙas a cikin waƙar mutane. Kowace rikoda tana da ɗan agogonta a ciki, yana bugawa sau dubu arba'in da takwas a sakan ɗaya, kowane bugu ta ɗebi 'yar ƙwayar sauti ta ajiye. Ba a taɓa yin agogo biyu da suka yarda da juna ɗari bisa ɗari ba. Shi ya sa a sutudiyo ake jan waya ɗaya daga na'ura guda zuwa sauran, ita ke ba da bugun, su kuma su bi. Ita Injiniya ke kira liman, sauran mamu. In ba liman, kowa sallarsa yake yi, a tayar tare a sallame daban-daban.

"Ba liman," na ce. "Gari biyu ne. Ta yaya zan ja waya?"

"To kin daidaita su a kabbarar farko kin tafi kin bar su awa biyu. Wannan 'yar ƙaramar," ya ɗaga rikodar Baffa da yatsa biyu, "agogonta rago ne. Tana ƙirga ƙasa da abin da ya kamata, in an zo kunnawa sai komai nata ya riƙa zuwa da wuri. Kaɗan-kaɗan, ba ki ji ba ki gani. Shekara nawa kina aikin nan?"

"Bakwai."

"Kai, an yi asarar shayi."

Ban yi dariya ba. Na kai shi ƙarshen na kunna masa. Ya ji tambayar, ya ji amsar. Ya san Baba, ya zo ta'aziyya. Ya ajiye kofin bai ƙara kurɓa ba.

Na kama linzamin kwamfuta na ja muryar Baffa gaba kaɗan. "A'a" ɗin ta koma tsakiyar tambayar. Na ƙara ja, ta koma gabanta. Na maido, ta koma bayanta. Na saki linzamin. Na ce zan miƙe muryar Baffa kamar roba har sai hirar ta yi daidai a kunne, daga nan sai mu ga inda kalmar ta faɗa.

"Daidai a kunnen wa?" in ji Injiniya. "Tsakanin a'a ɗin nan da tambayar nan bai fi sakan ɗaya ba. In kina son baffanki za ki ja ta nan, in kina jin haushinsa za ki ja ta can, duka biyun kuma za su yi miki daidai. Ke ba za ki yi limancin nan ba."

Raina ya ɓaci, don ya taɓo wurin. Na ce to sai ya kawo mini limamin, tunda shi ya san inda ake sayar da su.

Bai kula ni ba. Ya sa abin ji a kunnensa mai rai ya daɗe yana sauraron wurin da ba kowa ke magana. "Ya aka yi shirun nan ya yi tsabta haka?"

"Na share ƙugin wuta. Duka biyun a jone suke."

"Wutar gari ko janareto?"

Namu na sani, wutar gari ce, don janaretonmu ya daɗe da mutuwa. Na kira Umma na ce ta tambayi Baffa. Na ji shi daga nesa yana cewa shi ina ya ga janareto.

"Ina na asalin, waɗanda ba ki taɓa ba?" in ji Injiniya. "Ki ce mini ba ki goge ba."

Ban goge ba. Na Baffa yana cikin 'yar rikodar, na Baba yana cikin katin babbar rikodar a aljihun teburina, a cikin ambulan ɗin da ban buɗe ba sai jiya.

Ya ja kujerar mai rawa ya zauna, ya yi mini bayani a hankali, ba tsokana a ciki. Ƙugin nan da muke zagi kullum, bugun injinan da ke ba da wuta ne. Ba ya tsayawa a wuri ɗaya. In masana'antu suka kunna manyan injina ya ɗan sauka, in suka kashe ya ɗan hau, abin da kunne ba ya kamawa. Amma duk gidan da ke kan layi ɗaya, ko da tafiyar kwana ce tsakaninsu, tare ƙuginsu ke hawa tare yake sauka, a ƙiftawar ido guda. Garin Baffa da namu layinsu ɗaya.

"Ga limaminki nan," in ji shi. "Yana ɗakin babanki, yana ɗakin baffanki, bai san su ba, bai damu da su ba. Ke kuma kika kore shi don yana damun ki da surutu."

Yinin ranar gaba ɗaya a kansa ya ƙare. Mai katifa ya kira sau uku, Injiniya ya ce masa na'ura ce ta yi zafi. Wannan karon muryoyin na cire na bar ƙugin. Na sa kwamfuta ta zana hawa da saukarsa, ya fito layi mai lanƙwasa kamar sawun maciji a rairayi, na Baba a sama na Baffa a ƙasa. Da na gan su tare na matso kusa da allon. Duk inda na sama ya yi tudu, na ƙasa ya yi irinsa. Duk inda ya yi kwari, ga kwarin nan. Sai dai na ƙasan yana riga na saman isa, a farko da kaurin gashi, a tsakiya da faɗin yatsa. A minti na arba'in da ɗaya akwai wani rami mai zurfi inda wutar ta yi kamar za ta ɗauke ta fasa. Na tuna shi, fankar falonmu ta rage gudu a lokacin.

Na bi su tudu-tudu ina sa alama. Na sa talatin da shida, Injiniya ya ce in ƙara, na ce idona ya gaji, ya ce idon nawa ne ko na wanda za a faɗa wa sakamakon. Na ƙara ashirin. Da na gama, lissafin ya fito fili: 'yar rikodar tana cin kusan sakan ɗaya da rabi a kowace awa. Zuwa ƙarshen hirar ta ci sakan uku da ɗoriya. Na miƙe muryar Baffa daidai abin da layin ya ce, ba abin da na ga dama ba, har tudu ya hau kan tudu daga farko zuwa ƙarshe. Na je wurin keken. Baba ya tambaya, Baffa ya ja numfashi ya ce kore ne.

Ban kunna ƙarshen nan da nan ba. Na tashi na wanke fuska, na dawo, sannan na kunna.

Da safe na je gida da kaina na ɗauko Baffa. Ya riga ya ɗaure jakarsa, ya ce da ita zai taho, daga sutudiyon sai tasha. Muka kama hanya. Injiniya ya gaishe shi ya ce zai je neman wata waya a kasuwa, ya ja mana ƙofa. Na ba Baffa kujerata.

"Baffa, abin da na kunna maka shekaranjiya akwai kuskure a ciki, kuma nawa ne. Agogon rikodarka da na ta Baba ba su tafi tare ba. Yanzu na daidaita su. Baba zai zo maka a kunnen hagu, kai a na dama. Kada ka cire sai na ce."

Ya sa. Na kunna.

"Yaya, ka gaji ne? Mu bari sai gobe?" Shiru, sakan biyu da wani abu. Sai Baba: "A'a." Bayanta da sakan guda cur, sannan Baffa ya buɗe baki: "Yaya, ka yafe mini?"

Na tsayar. Ya dube ni, bai gane ba. Na sake kunnawa. Na nuna masa a allo da yatsa, ga kalmar Baba nan, ga tambayarka can, ga fili tsakaninsu.

"Lokacin da ya ce a'a, ba ka riga ka tambaya ba. Gajiyar ya amsa. Cewa yake yi bai gaji ba, kada ku bari sai gobe. A ƙarshen nan layin ya lalace, magana tana daɗewa a hanya. Kafin amsarsa ta iso kunnenka ka riga ka yi tambaya ta biyu, sai ta sauka a kanta. Waya ta yi maka ƙarya, rikodar ma ta zo ta tsaya mata shaida."

"Ba ke kika gyara shi don ki faranta mini ba?"

"Ni? Baffa, da son raina ne da ban gyara ba."

Ya dube ni sosai. Ina jin wannan ce ta sa ya yarda.

"Ci gaba," in ji shi.

Daga nan ɓangarensa ba komai sai motsin kujera da ƙarar maɓalli. A ɓangaren Baba shiru ne na sakan shida, ana jin numfashinsa. Sai ya ce, "Alo? Alo? Kana nan?" Ya ƙwala mini kira. Ƙarar ƙofa, takuna, sai muryarsa: "Ta katse. Kira mini shi, ba mu gama ba." Na manta ban kashe rikodar ba a ranar, don haka komai yana ciki. Ana jin matar nan ta cikin waya tana cewa lambar a kashe take. Baba ya ce, "Sake." Ta maimaita. "Sake." Baffa ya runtse ido. Leɓensa yana motsi, ƙirgawa yake yi. A ta huɗu Baba ya ce, "To bar shi, ƙila caji ne. Gobe ma rana ce." Sautin ya ƙare a nan.

Baffa bai cire abin jin ba sai da na taɓa hannunsa.

"Ya ji tambayar?" in ji shi.

"Ban sani ba."

"Na'urar ba ta nuna ba?"

"Ta nuna lokacin da ka faɗa. Ba ta nuna ko ta isa ba. In layin ya ƙara sakan biyu a raye, ya ji. In bai ƙara ba, bai ji ba. Iyakar abin da zan iya rantsewa a kai shi ne bai ce maka a'a ba."

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon layukan nan biyu a allo, ban san me yake gani a cikinsu ba. Na yi zaton zan ga sauƙi a fuskarsa, kuma akwai shi, amma akwai wani abin da ya fi na shekaranjiya nauyi. A da yana ɗauke da laifi ɗaya da aka ƙi yafe masa. Yanzu na sauke masa ƙin, na ɗora masa kwana tara. Na ji tausayinsa ya kama ni, na kuma ji haushin kaina da na ji shi.

"Akwai abin da ban faɗa maka ba," na ce. "Shekaranjiya da ka ce shi ya kashe a fuskarka, na san ba haka ba ne. Ina wurin. Na yi shiru da gangan."

"Na cancanta."

"Ban ce ka cancanta ba. Na ce na yi."

Ya share fuska da hankicin da ya naɗo rikodar. Ya dubi agogon bango, motarsa saura awa ɗaya da rabi. Ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya ɗauki jakarsa ya rataya. Ya kai bakin ƙofa ya sunkuya zai sa takalmi, sai ya fasa, ya juyo.

"Shi dai ya tafi da amsarsa," in ji shi. "Ke kika yi ta kira kina jin matar nan. Ke kika zauna da shi kwana taran. 'Yar Yaya, ke fa? Kin yafe mini?"

Taku uku ne tsakaninmu. Na buɗe baki in ce eh, don ita ce mai sauƙi, na ji ba ta nuna ba tukuna. Na kuma ga yadda yake kallon bakina, na san in na daɗe ban yi magana ba zai ɗauki shirun ya tafi da shi.

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Baffa, da saura," na ce. "Amma kada ka hau motar nan yau."

Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Sannan ya sauke jakar daga kafaɗarsa ya ajiye ta a jikin bango.